Rufin Asiri Da Neman Magani

Akwai wata tambaya wadda ta cancanci dattawan ƙasar Gobir su zauna su auna ta da kyau, tun daga Sabon Birni har Isa da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Tambayar ita ce wannan. Mutum ne giya ta kama, ya yi rantsuwa ya karya, ya sake yi ya sake karyawa, har ya tabbata a ransa ba ya iya rabuwa da ita shi kaɗai. Shin daidai ne ya tafi ya zauna cikin waɗansu mutane masu ciwo irin nasa, ya buɗe baki ya faɗi halin da yake ciki, don su taimaki juna? Ko kuwa wannan tonon asirin kai ne, abin da addini ya hana, al'ada kuma ta ƙi?

Watakila wani ya ce wannan magana ba ta shafe mu ba, don ƙasarmu ba ƙasar giya ba ce. Gaskiya ne an yi wa giya shinge uku a nan. Na fari addini, don Alƙur'ani ya haramta ta, kuma a mazhabar Malikiyya haddin mai shanta bulala tamanin ne. Na biyu al'ada, don babu uban da zai ɗauki 'yarsa ya ba mashayi yana sane. Na uku dokar gwamnati. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasal cewa kada a shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Arewacin Nijeriya ya shiga cikin wannan hani a zamanin mulkin Ingilishi. Kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa shan giya laifi ne ga Musulmi. A shekarar 2000 kuma Jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara wajen aiki da shari'ar Musulunci.

To, amma shinge yana tare ƙofar kasuwa ne, ba ya kashe ƙishirwa. Sabon Birni tana bakin iyaka da ƙasar Nijar, inda doka ta bar mai lasisi ya sayar da giya. Samarinmu kuma suna tafiya ci-rani Kudu kowace shekara in an gama kaka, su Ikko da Badun da Fatakwal, galibinsu su komo da abin arziki, amma akan sami wanda ya komo da wannan hali. A garuruwan da ake sha a fili, da wuri ake gane wanda sha ya fi ƙarfinsa. A wurinmu kuwa mashayi ɓoyewa yake yi, matarsa ta taya shi ɓoyewa, uwarsa ta ce ciwon ciki ne ke damunsa, har ciwon ya yi nisa ba wanda ya sa masa suna. Saboda haka tambayar ta fi shafarmu bisa waɗanda ba su da shingen.

Mene Ne Ciwon

Wajibi ne mu fara rarrabe mutum biyu. Akwai wanda ya sha don ruɗin abokai, aka yi masa faɗa ya bari. Wannan nasiha ta ishe shi. Akwai kuma wanda ya daɗe yana sha har jikinsa ya saba, abin da ke bugar da shi bara bana ba ya isarsa, in ya wayi gari bai sha ba hannunsa ya yi ta rawa, gumi ya karyo masa, barci ya ƙaurace masa. Wannan ya san haramun ne, ya fi kowa sani, don ba daren da ba ya zargin kansa. Abin da ya rasa shi ne ƙarfin tsayawa kan abin da ya sani. Likitocin duniya sun lissafa wannan hali cikin cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2024 cewa a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne shan giya ya zame musu ciwo.

Kiran abin ciwo ba ya ɗauke wa mai shi alhaki. Wanda ya yi wasa a bakin rijiya ya faɗa, laifinsa ne, amma da ya ke yana ciki ba a tsayawa a bakin rijiyar ana yi masa bayanin illar wasa. Guga ake nema da igiya.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya kamata kowane mai karatu ya riƙe. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, haɗari ne ya yanke farat ɗaya ba tare da likita ba. Cikin yinin farko rawar jiki kan fara, wani ya yi farfaɗiya, wani kuwa a kwana na biyu zuwa na huɗu ya ruɗe, yana ganin abubuwan da ba su nan, har mutanen gida su zaci iskoki ne. Wannan ruɗewa tana kisa, amma akwai maganinta a asibiti. Don haka irin wannan mutum ya fara da babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, in abin ya yi tsanani a miƙa shi asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. Sai dai likita jiki yake wankewa, cikin kwanaki kaɗan ya sallame ka. Babban aikin yana farawa ran da ka komo gida, ka tarad da tsofaffin abokai da tsohuwar hanya da tsohon baƙin ciki duk suna nan suna jiranka.

Yadda Taron Ya Samo Asali

A ƙasar Amurka an yi wani mutum mai suna Bill Wilson, dillalin hannun jari a birnin Niyu Yok, wanda giya ta cinye masa aiki da dukiya. A ƙarshen 1934 ya fito daga asibiti ya bar sha. A watan Mayu na 1935 ya tafi wani gari da ake kira Akron, cikin jihar Ohayo, don wani ciniki, cinikin kuwa ya lalace. Ga shi baƙo, ga ɓacin rai, ga ɗakin shan giya a masaukin da ya sauka. Da ya ji ƙishirwar ta taso, sai ya yi wani tunani wanda ba kowa zai yi ba. Ya ga abin da zai tsirar da shi a wannan dare shi ne ya sami wani mashayi kamarsa ya yi magana da shi. Ya yi ta buga waya yana cigiya, har aka haɗa shi da wani likita mai fiɗa, Bob Smith, wanda shi ma giya ta kusa raba shi da aikinsa.

Likitan ya yarda ya ba shi minti 15 kawai, don ya gaji da masu yi masa wa'azi. Sai ga shi sun yi sa'o'i suna zance. Dalili kuwa, baƙon bai zo da niyyar gyara shi ba. Ce masa ya yi shi ne mai bukata, yana son wanda zai saurare shi don kada ya sha. Sa'an nan ya ba da labarin kansa, likita ya ji kamar nasa labarin ake faɗi. Ran 10 ga Yuni 1935 ita ce ranar da ake lissafin likitan ya yi shansa na ƙarshe, daga ita kuma ake ƙirga shekarun ƙungiyar da suka kafa, wadda ake kira Alcoholics Anonymous, watau mashaya waɗanda ba a faɗin sunansu. A 1939, sa'ad da suka kai wajen mutum 100, suka buga littafi mai bayyana matakai 12 na barin sha. A 1950 suka amince da ƙa'idodi 12 na tafiyar da taronsu. Yau ana ƙiyasta mutanensu sun kai miliyan biyu, a ƙasashe wajen 180.

Taron nasu ba shi da wuyar fahimta. Mutane su zauna kamar sa'a guda, kowa ya faɗi sunansa na fari kaɗai, wanda ya ga dama ya ba da labarin yadda yake dā, da abin da ya same shi, da yadda yake yanzu. Ba a katse mai magana, ba a yi masa gardama. Wanda bai son magana ya yi shiru ya saurara. Ba kuɗin shiga, ba shugaba mai iko, ba sharaɗi sai son barin sha. Sabon zuwa yakan zaɓi wani wanda ya daɗe da bari ya zama madogararsa, wanda zai nema ko da tsakar dare ne. Ba a neman kowa ya yi alkawarin har abada. Alkawarin yini ɗaya ake yi, gobe in Allah ya kai mu a sake.

Masana sun gwada abin. A 2020 John Kelly na Jami'ar Harvard da Keith Humphreys na Jami'ar Stanford da wata abokiyar aikinsu suka tattara bincike 27 da aka yi a kan mutum 10,565. Suka tarar cikin waɗanda aka bi da su ta hanyar wannan taro bisa tsari, 42 cikin 100 suna nan ba su sha ba bayan shekara guda, alhali waɗanda aka bi da su ta waɗansu hanyoyin shawara 35 ne cikin 100. Dubi wannan lissafi da idon gaskiya. Ya nuna taron yana da amfani, ya kuma nuna fiye da rabi sukan yi tuntuɓe a shekarar farko. Duk wanda ya ce maka yana da maganin giya sha-yanzu-magani-yanzu, kuɗinka yake so.

Hujjar Masu Ƙi

Yanzu bari mu komo gida, mu ji masu cewa wannan abu bai dace da mu ba. Maganarsu tana da nauyi, ba ta yarwa ba ce.

Hujjarsu ta fari daga addini take. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya yi saɓo da dare Allah ya rufa masa asiri, sa'an nan ya wayi gari yana ba mutane labari. Suka ce, to, me ya raba wannan da mai zama cikin taro yana faɗin shan da ya yi? Abin da ya raba su shi ne niyya, da wanda ake gaya wa, da abin da ake nema. Mai bayyana saɓo a dandali yana ƙawata shi ne, yana dariya, yana sa yara su ga abin ba komai ba ne. Mai faɗi a wannan taro kuwa kansa a sunkuye yake, yana faɗa wa mutanen da suka riga suka san ɗacin abin, don ya rabu da shi. Al'aura wajibi ne a rufe ta, amma malamai sun yarda a buɗe wa likita gwargwadon wurin ciwo. Mai neman fatawa ma dole ya gaya wa malami abin da ya aikata kafin a ba shi amsa. Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Abin lura shi ne gwargwado. A faɗi abin da zai taimaka, a bar sunayen waɗansu, a bar bayanin da ba ya ƙara kome sai ƙazanta.

Hujja ta biyu, suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, yaya za a ce mai gudun giya ya nemi mashaya? Amsar tana cikin inda mutanen suka sa gaba. Mutum biyu sukan haɗu a kan hanyar Isa zuwa Shinkafi, ɗaya yana tafiya ɗaya yana dawowa, wuri ɗaya suke tsaye amma ba tafiyarsu ɗaya ba. Ku tuna labarin da ya zo a hadisi na mutumin da ya kashe rai ɗari ya nemi tuba. Malamin da ya tambaya bai tsaya ga ce masa ya yi nadama ba, sai da ya umurce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Watau tuba tana bukatar sababbin abokan zama. Mashayin da ya bar majalisarsa ta dā, in bai sami wata ba, kaɗaici zai mayar da shi. Mutanen kirki na gari kuwa sau da yawa ba sa sakin jiki da shi tukuna. Su wa suka rage masa, in ba waɗanda suka riga shi fitowa daga ramin ba?

Akwai kuma abin da wanda bai taɓa sha ba ba zai iya yi masa ba, komai ilminsa. In liman ya yi masa nasiha, yana cewa a ransa, malam bai san yadda abin yake ba. In matarsa ta yi kuka, kunya ta kama shi, kunyar kuma ta kore shi zuwa kwalba. Amma in wanda ya taɓa ɓoye kwalba cikin rumbu ya dube shi ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ƙaryar ni ma na yi ta," ba shi da wurin zillewa, ba shi kuma da dalilin jin an raina shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hujja ta uku, suka ce abin na Nasara ne. Gaskiya ne waɗanda suka fara shi sun fito daga wata ƙungiyar Kirista, kuma akwai kalmomi cikin littafinsu da Musulmi zai so ya sake musu tufafi. An kuwa yi haka. A 1989 waɗansu Musulmi a birnin Baltimo na Amurka suka kafa tasu mai suna Millati Islami, suka gina matakan a kan Alƙur'ani da Sunna. In ka duba matakan nan za ka ga ƙashin bayansu ba baƙo ba ne a wurinmu. Mutum ya yarda ya kasa, ya miƙa al'amarinsa ga Ubangiji, ya yi wa kansa hisabi, ya lissafa waɗanda ya cuta ya biya su haƙƙinsu, sa'an nan ya taimaki wani. Duk ɗalibin da ya yi karatun zaure ya san sharuɗɗan tuba: barin laifin, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga masu shi. Ita kuwa dabarar haɗa ƙarfi, mu ne masu gayya, mu ne masu adashi. Abin da mutum ɗaya ba ya iya nomewa, goma sukan gama kafin azahar.

Hujja ta huɗu ita ce mafi wuya, kuma ba ta da amsa mai sauƙi. A babban birni mutum yana iya shiga taro ba wanda ya san shi. A Gatawa ko Turba kuwa, in ka shiga wani zaure sau biyu, kafin na uku an san da wa ka zauna. Maganar da ta fita tana iya kashe aure, ta hana wa 'ya'ya mata miji, ta rushe cinikin mutum. Saboda haka a ƙasa irin tamu rufin asiri shi ne tushen taron gaba ɗaya, in ya tsage kome ya rushe. A nan ne za a gane cewa faɗin ciwo cikin amintattu da rufin asiri ba abokan gaba ba ne. Kowa a wurin ya ba da nasa asirin jingina, kowa yana riƙe da na ɗan'uwansa. Shi kuwa mai ɓoyewa shi kaɗai, giyar ce da kanta za ta tona shi wata rana, a tasha ko a bakin kasuwa, a gaban yara.

Yadda Za A Nema, Da Yadda Za A Fara

Mai neman irin wannan taro ya fara tambayar ma'aikatan asibitin da suka duba shi, musamman na Kware, don su ne suka san waɗanda suka bi ta hannunsu suka tsaya da ƙafafunsu. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ita ma tana da sashen ba da shawara, ban da aikin kame da aka fi saninta da shi. Wanda ci-rani ya kai shi Ikko ko Abuja yana iya samun taron ƙungiyar nan ta Amurka a can. Tun daga 2020 kuma, da annobar korona ta hana taruwa, tarurruka masu yawa suna gudana ta wayar hannu da intanet, mutum yana ɗakinsa ya saurara ba a ga fuskarsa ba, sai dai galibinsu da Turanci ake yi.

Wanda bai sami ko ɗaya cikin waɗannan ba, ya tuna mutum biyu ne suka fara. In ka san wani guda ɗaya wanda ya bari, ko yake son bari, taro ya samu. Ku sa rana ɗaya a mako wadda ba ta canjawa. Ku zaɓi lokacin da rana ba ta faɗi ba, kamar bayan la'asar, don kowa ya san halin da hanyoyin ƙasar nan suka shiga tun da 'yan bindiga suka addabe ta, tafiyar dare ba ta mai hankali ba ce. Ranar kasuwa tana da kyau ga mutanen ƙauye, don ba mai tambayar abin da ya kawo su gari. Ku nemi wuri mai sutura, ko zauren wani dattijo mai riƙe baki, ko ɗaki a asibiti in ma'aikata sun yarda.

Sa'an nan ku riƙe waɗansu ƙa'idodi. Abin da aka faɗa a zaure ya mutu a zaure, ko matarka ba ta da rabo a ciki. Kowa ya yi maganar kansa, kada ya yi ta wani. Kada a ba juna rance, don bashi yana raba abin da giya ba ta raba ba. Kada a kawo siyasa ko gardamar ɗariƙa. Mai sarauta da ɗan dako tabarma ɗaya za su zauna. Kowane taro na duniya yana da rajista, ko na haraji ne ko na makaranta, amma wannan kada a rubuta sunan kowa. Wanda ya yi tuntuɓe ya sha, ya komo mako mai zuwa ya faɗi gaskiya, a karɓe shi ba gori, don ranar da ya fi bukatar zauren ke nan. Wanda kuma ƙwaya ko maganin tari ya kama, kada a kore shi, ciwon ɗan'uwan wannan ne.

Matan gida ma suna da nasu nauyin. Matar Bill Wilson, mai suna Lois, ta lura cewa iyalin mashayi su ma sun jikkata, saboda haka a 1951 ita da wata abokiyarta suka kafa wa iyalai nasu taron dabam. Matar da ta shekara goma tana ƙirƙiro wa miji uzuri a gaban surukai tana bukatar wata mace mai irin tarihinta wadda za ta gaya wa, ba tare da maganar ta kai bakin rijiya ba.

Abin Da Ya Hau Kan Sauran Jama'a

Ya kai mai karatu, watakila kai ba ka taɓa kusantar giya ba, ka gode wa Allah. Amma kai ne ka fi kowa cancantar fahimtar wannan magana. Tuna ranar da ka fara shiga ajin yaƙi da jahilci. Kana da gemu, kana da iyali, mutane suna gaishe ka da girma, ga shi za ka zauna ka nuna ba ka san baƙi ba. Abin da ya sauƙaƙa maka shi ne ka waiwaya ka ga sa'o'inka a gefe, su ma suna fama da alli. Da kunya ta rinjaye ka a wannan rana, da yanzu wani ne ke karanta maka wasiƙarka, yana jin asirinka. Kunyar yini ɗaya ta saya maka sutura ta dukan rayuwa.

Kunya iri biyu ce. Akwai wadda ke hana mutum aikata mummuna, wannan ado ce, kuma yanki ce na imani. Akwai wadda ke hana shi neman magani bayan ya riga ya faɗa, wannan kuwa tarko ce. Jama'ar gari su ke ƙara wa ta biyun ƙarfi ko su rage mata. Mun ga inda tsananin kunya ke kai iyaye. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, a wata na gaba kuma aka buɗe wani a Daura. Da yawa cikinsu danginsu ne suka kai su, don a raba su da shaye-shaye, a kuma kawar da su daga idon mutane. Sarƙa tana riƙe ƙafa muddin tana ɗaure, ran da aka kwance ta mutum ya fito da ƙishirwarsa, ga kuma ƙiyayya ta ƙaru.

Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, mai barkwanci, wanda aka sha kawo shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Wata rana da aka sake kawo shi aka yi masa haddi, sai wani cikin jama'a ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi. Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. A wani hadisin ya hana a yi wa irin wannan mutum mugun baki, don kada a taimaki Shaiɗan a kansa. Hukunci bai faɗi ba, amma ba a fitar da mutumin daga cikin 'yan'uwa ba. Haramcin giyar ma kansa ba rana ɗaya ya sauka ba. An fara da bayyana cewa cutarta ta fi amfaninta, kana aka hana kusantar salla cikin maye, daga baya aka haramta ta ɗungum. Mahaliccin ɗan Adam ya san yadda sabo yake kama zuciya.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce, daidai ne mutum ya tafi, in dai don neman rabuwa ya tafi, ya faɗi gwargwadon bukata, ga waɗanda za su riƙe amana. Abin da ya rage namu ne. In ka ga mutum uku ko huɗu da ka san tarihinsu suna shiga wani zaure kowace Laraba, kau da kai, kada ka bi sawu, don Alƙur'ani ya hana binciken asirin mutane. In kai mai zaure ne aka roƙe ka aro, ka bayar, ka shimfiɗa tabarma, ka fita. In wanda ya bari ya zo neman aiki ko ya shigo sahu a masallaci, matsa masa wuri. Ba ka san ko wata rana ɗanka ne zai bukaci wannan zaure ba.

Allah ya shirye mu, ya shiryi zuriyarmu, ya ba ƙasar Gobir zaman lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.